Ƙwaryar Mai Gona

A wani ƙauye da ke gefen rafi an yi wani mutum manomi, mai ƙarfin hannu, mai son mutane. Ba zan faɗi sunansa ba, domin na san halinku. Da na faɗa, sai ku bar misalin ku shiga binciken ko ɗan gidan wane ne.

Mutumin nan ya fara shan burkutu tun yana saurayi, kamar yadda ubansa ya sha, kakansa ma ya sha. Da fari ranar kasuwa kawai yake sha. Daga baya ya ƙara da ranar biki da ranar makoki, har aka kai lokacin da kowace rana ta Allah sai ya samo mata dalili. Dawar da ya noma domin tuwo, rabinta a gidan mai dafa giya take ƙarewa. Matarsa Bilhatu ta yi kuka, ta yi faɗa, ta yi yaji sau biyu, daga bisani ta gaji ta yi shiru, ta bar wa Allah.

To, al'adar ƙasar ita ce, in aikin gona ya fi ƙarfin mutum sai ya kira gayya. Maza su taru da fartanyoyinsu su nome masa a yini ɗaya, shi kuma ya shayar da su burkutu. Ba a gayya sai da tulu. Saboda haka duk wanda ya bar sha a ƙauyen nan, abu biyu yake rasawa a lokaci guda: abokan hira da abokan aiki. Wannan ne ya sa wasu maza shida, waɗanda dā duk mashaya ne suka bari, suka haɗa kai. Suka ce za su riƙa nome wa juna gona bi da bi, yau ta wannan, jibi ta wancan, abin shansu kuwa kunun tsamiya. Mutanen gari suka sa musu suna 'Yan Kunu don ba'a, su kuwa suka karɓi sunan hannu biyu. Babbansu wani dattijo ne mai suna Baba Habila, mutum marar yawan magana.

Wata safiya manomin nan ya farka a kan juji, awaki suna shinshinarsa, mata masu zuwa rijiya suna ratse hanya suna kau da kai. A cikinsu har da surukarsa. Bai ko koma gida ba, ya zarce ƙofar Baba Habila, ya durƙusa ya ce, "Baba, na gaji."

Baba Habila ya dube shi, ya ce, "Gobe gonar ɗan'uwanmu Nomau za mu. Ka zo da fartanyarka."

Haka ya zama na bakwai ɗinsu. Watannin farko sun yi masa wuya ƙwarai, amma bai kasance shi kaɗai ba. Shekara ɗaya ta wuce, ta biyu ta wuce, ta uku ta cika, ko ɗigo bai shiga bakinsa ba. Jikinsa ya murmure. Rumbunsa ya cika har ya gina na biyu. Maƙwabta suka sāke jin dariyar Bilhatu ta kan katanga. A majami'a aka ba shi aikin buga ƙararrawa ranar Lahadi, yana kuwa bugawa da ƙarfi kamar yana so ƙauyuka uku su san wanda ke riƙe da igiyar. A nan ne wani tunani ya fara shigarsa a hankali, wato cewa shi kam ya warke, ba kamar sauran ba.

A shekara ta huɗu wansa ya ƙaura birni, ya bar masa gonarsa, sai ya zama yana da gona biyu manne da juna. Ya shuke su duka da dawa. Da dawar ta kai gwiwa, sai sama ta buɗe, aka yi mako guda ana ruwa ba a shiga gona. Ranar da rana ta fito ya je ya duba, ya tarar ciyawa ta taso kafaɗa da kafaɗa da shuka. Ya ƙirga ranakun 'Yan Kunu, ya ga sai nan da kwana goma sha biyu za a zo kansa. Hankalinsa ya tashi, gama kowane manomi ya san abin da ciyawa take yi wa dawa a kwana goma sha biyu.

Bai je wurin Baba Habila ba, bai je wurin Nomau ba. Ya ce a ransa, "Hannu bakwai ba za su iya gona biyu ba. Zan kira gayyar gari, mutum talatin, a gama a yini ɗaya." Ya hau rumbu ya sauko da dawa.

Bilhatu ta fito daga madafa ta ce, "Maigida, wannan dawar ina za ta?"

Ya ce, "Ta gayya ce."

"Gayya da tulu?"

"Su za su sha, ba ni ba. Shekara uku fa, Bilhatu. Ko a hanci aka zuba mini ba zai dame ni ba."

Ta ce, "Ka gaya wa Baba Habila?"

Ya ce, "Baba Habila ba shi ya haife ni ba."

Ta koma madafa. Shi kuwa ya kai dawar gidan mai dafa giya, ta ce ya ba ta kwana huɗu.

Ranar gayya mutane suka fito, har da mai ganga. Aiki ya yi kyau da safe, ƙasa tana da laushi, fartanyoyi suna tashi suna sauka tare. Kafin rana ta take, an nome gona ɗaya sarai an taɓa ta biyu. Manomin yana ta murna, yana cewa a ransa ai ga shi dabararsa ta yi. Sai mata suka iso da tuluna uku, suka sauke a inuwar ɗorawa, aka ajiye fartanyoyi aka zauna.

Akwai wata ƙa'ida a gayyar ƙasar, tun zamanin da mutane suke tsoron a sa musu wani abu a abin sha. Ba wanda zai kai ƙwarya baki sai mai gona ya sha ta farko a gaban kowa. Kada wani ya ce mini mutumin nan ya manta da wannan. Bai manta ba. Ya sha ƙwaryar farko a gonarsa sau da yawa a shekarun baya. Abin da ya yi shi ne, duk kwanakin nan huɗu ya hana kansa tunawa.

Sarkin noma, wato jagoran masu gayyar, ya tsoma ƙwarya a tulu, ya cika ta, ya miƙo. Ya ce, "Mai gona, buɗe mana."

Manomin ya ce, "Ku sha abinku. Ai kun san na bari."

Sarkin noma ya ce, "Mun sani, ba mu kuma ce ka koma ba. Amma ba ma shan abin da mai shi ya ƙi sha. Haka muka tarar. In ba za ka buɗe ba, ba faɗa, kowa ya ɗauki fartanyarsa."

Manomin ya waiwaya ya dubi gonar da ta rage, kore shar da ciyawa. Ya dubi idanu sittin da ke kansa. Ya ce, "To, zan taɓa leɓe, don al'ada." Ya karɓa ya taɓa, ya miƙa.

Wani daga baya ya ce, "Wannan ai gaisuwa ka yi da ƙwaryar, ba sha ba." Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ya sāke ɗagawa, ya haɗiye sau ɗaya. Kansa ya yi shekara uku yana koyon sabon hali, amma maƙogwaronsa bai manta komai ba. Da ya sauke ƙwaryar, ba kome a cikinta. Aka yi masa tafi, aka ce ɗan gari ya dawo gida. Ta biyu ba wanda ya miƙa masa, shi ya tsoma da hannunsa.

Aikin yamma bai yi albarka ba. Mutanen da suka ƙoshi da giya suka koma gona suna sarar ciyawa da dawa tare, ba bambanci. Biyu suka kaure da faɗa a kan wata tsohuwar magana. Kafin la'asar gayya ta watse, aka bar fiye da rabin gonar wansa ba a nome ba, inda aka nome kuma shuka tana kwance. Sauran giyar da ta rage a tulu na uku, manomin ya ja ta ya kai cikin bukkar gona.

Da ya shiga gida yana tangaɗi, Bilhatu ta dube shi sau ɗaya, ta koma ga tukunyarta. Da ta yi zagi da ya fi masa sauƙi.

Kashegari ya farka da ciwon kai da baƙin ciki mai tsanani. Ya tsani kansa. Ya tuna da 'Yan Kunu, sai kunya ta rufe shi. Ya ƙirga, ya ga saura kwana bakwai ranarsa ta zo. Sai ya yi wa kansa alkawari, wanda a ganinsa na hikima ne. Ya ce, "Ba zan nuna musu fuskata a haka ba. Zan daure kwana bakwai cur ban sha ba, in sun zo su same ni tsab, in ba su labarin kamar abin da ya riga ya wuce."

Ya daure har tsakar rana. Sa'an nan ya ce bari ya je bukka ya zubar da sauran giyar nan don kada ta zama masa jaraba. Ya je shi kaɗai. Kafin a zubar kuwa sai an buɗe, da ya buɗe sai wari ya daki hancinsa. Giyar ba ta taɓa ƙasa ba.

Ya ce to, gobe ne ranar farko. Gobe ta zo, ita ma ba ta kai yamma ba. Da tulun ya ƙare, ya koma hawa rumbu a ɓoye yana kai dawa ana cika masa gora. Ya daina bin hanyar da ta bi ta ƙofar Baba Habila, yana zagayawa ta bayan gari. Ranakun gonakin 'yan'uwansa suka zo suka wuce, bai je ko ɗaya ba. Ranar Lahadi wani ne ya buga ƙararrawa. A bakin majami'a kuwa masu baki suka samu abin taunawa. Wannan ya ce ai dama ya faɗa, wancan ya ce mashayi ba ya tuba, hutu yake yi. A cikin masu wannan magana ba ko ɗaya da ya taka zuwa gidansa. Ciyawa kuma tana ta aikinta.

Ana gobe ranarsa, ya kira matarsa ya ce, "Ki je ki gaya wa Baba Habila kada su zo. Ki ce zazzaɓi nake yi, gonar ma an riga an nome."

Bilhatu ta ce, "Maigida, na rufa maka asiri shekara da shekaru, ban ga abin da ya gyara ba. Ƙafata ba za ta kai ƙarya gidan Baba Habila ba. In kana so, ka je da bakinka."

Bai je ba. Ita kuwa ta jiƙa tsamiya, ta surfa gero, kamar yadda takan yi duk ranar da za a yi aikin gonarsu.

Da sassafe ya sulale ya tafi gona da gorarsa, ya shige bukka. A tunaninsa, ko ba za su zo ba tun da ya ƙi zuwa nasu, ko kuwa su je gida su tarar ba ya nan su koma. Rana ba ta yi nisa ba sai ya ji muryoyi. Ya leƙa ta tsakanin zana, ya ga mutum shida tsaye a bakin gonar wansa, suna duban ciyawa da shukar da aka sare. Sai Baba Habila ya fara nuna wa kowa layinsa da ƙotar fartanya. Ya nuna uku a dama, uku a hagu, ya bar ɗaya a tsakiya ba kowa.

Ya juya wajen bukka ya ce, "Mai gona, rana tana yi. Ga layinka."

Manomin bai fito ba.

Baba Habila ya ce, "Mun ga takalmanka a bakin bukka."

Manomin ya fito, idanu ja, riga a karkace, ya kasa ɗaga kai. Ya shirya dogon jawabi a kwanakin nan, amma duk ya gudu. Ya ce, "Baba, na sha."

Baba Habila ya ce, "Mun sani. Iska ta gaya mana tun daga bakin rafi."

"Ba sau ɗaya ba, Baba. Kwana takwas ke nan."

"To, yau na tara ne, ko na farko? Wannan kai za ka faɗa, ba mu ba. Amma ka faɗa da fartanya a hannu, don ciyawar nan ba ta jiran mu gama magana."

Ya ɗauki fartanya ya shiga layinsa. Mutumin da dā shi ne kan gaba, yau ya zama na baya. Gumi yana zuba, sau biyu ya koma gefe ya yi amai. Sauran suka yi nisa suka bar shi, har ya daina jin ƙarar fartanyoyinsu. Ya ce a ransa haka ya dace da shi.

Amma 'Yan Kunu suna da yadda suke aiki. Wanda ya riga kai ƙarshen layinsa ba ya zama ya huta. Yakan juyo ya kama layin wanda aka bari a baya, daga can ƙarshe, ya taho yana noma har su haɗu. Ba a karɓe wa mutum fartanyarsa, ba a kuma ce masa ya je ya zauna. Shi yana tahowa daga nan, ɗan'uwansa yana tahowa daga can. Manomin yana sunkuye sai ya ji ƙarar fartanya tana matsowa ta gabansa. Ya ɗaga kai ya ga Nomau, wanda duk cikinsu ya fi zafin rai.

Da suka haɗu, Nomau ya dogara da ƙotarsa, ya ce, "Bari in gaya maka, raina a ɓace yake. Ba shan ne ya ƙona mini rai ba, wa a cikinmu bai san ɗanɗanonta ba? Ka ga kwana goma sha biyu sun yi maka nisa, me ya hana ka buɗe baki? Ranata ce ta biyu a jeri. Gonata tudu ce, ciyawarta ba ta kai rabin taka ba. Da ka tambaya, da na ba ka ranata, Tanko ma ya ba ka tasa, mu yi maka kwana biyu a jere. Ka gwammace ka je wurin mutum talatin da tulu uku da ka ce mana kana bukata."

Wannan magana ta fi komai shigarsa, domin ko sau ɗaya bai kawo a ransa cewa zai iya tambaya ba. Ya tsaya hawaye suna zuba, Nomau bai rarrashe shi ba. Ya ce, "Mu je, ga wani layin."

Da rana ta take, Bilhatu ta kawo kunu ta ajiye a inuwa, ta gaishe su, ta koma gefe. Suna sha, manomin ya ba su labarin alkawarinsa na kwana bakwai. Baba Habila ya yi murmushi ya ce, "Kwana bakwai ɗin nan, ni wata biyar na yi ina nemansu, ban same su ba."

"Kai ma, Baba?"

"Sau uku na faɗi. Na ƙarshe, ina da shekara tara da bari, a bikin 'yata. Ni ma cewa na yi sai na wanku tukuna in nuna fuska. Da abokina marigayi Dogo bai zo ya zauna a ƙofata kullum safiya ba, da yanzu kuna nuna wa mutane kabarina. Kwanakin nan ba a samunsu a ɓoye, ɗana. A cikin mutane ake samunsu, ɗaya bayan ɗaya." Ya kurɓi kunu, ya ce, "Akwai saura a bukka?"

"Akwai."

"Wa zai zubar?"

Manomin ya ce, "Ni."

Sai Tanko, wanda shi ma ya taɓa faɗuwa, watansa takwas kacal da sāke bari, ya miƙe ya ce, "Ku yi mini haƙuri, ni zan koma can bakin rafi har ku gama. Hancina bai yi ƙwari ba tukuna." Ya tafi abinsa, ba wanda ya yi dariya. Manomin ya bi shi da kallo, ya ga mai wata takwas ya fi mai shekara uku sanin kansa. Sa'an nan ya shiga bukka ya fito da gorar, Nomau a damansa, Baba Habila a hagunsa, ya tuntsurar da ita har ta tsiyaye.

Kafin su tashi suka raba kwanakin mako a tsakaninsu. Kowace safiya mutum ɗaya zai biyo ta gidansa su tafi aiki tare. Ranar kasuwa kuwa Nomau ya ce shi zai raka shi, su je tare su dawo tare.

Da yamma a gida ya ce wa matarsa, "Na zubar."

Ta ce, "Na gani."

"Ki yafe mini."

Ta ce, "Yafewa na yafe, don Ubangiji ya ce a yafe. Yarda kuwa sai a hankali. Wanke hannu, ga tuwo."

Da kaka ta yi, gonar wansa ko rabin abin da ya kamata ba ta ba da ba. Dawar da aka sare ba ta tashi ba, rumbu na biyu ya shekara ba kome a ciki. Amma gidan bai watse ba, mutumin kuma bai koma kan juji ba. Za ku tambaya ko ya sāke faɗuwa. I, sau ɗaya, bayan shekara biyu, a wata ranar kasuwa. Sai dai a wannan karon bai ɗibar wa kansa kwana bakwai ba. A yammacin ranar, yana tangaɗi, mutane suna kallo, ya bi tsakiyar gari har ƙofar Baba Habila, ya zauna a dakali ya faɗi abin da ya yi. Wannan faɗuwar kwananta ɗaya.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan.

Gonar ita ce ranka da gidanka. Ciyawar kuwa ita ce wahalar duniya, wadda take tsirowa a gonar mai sha da ta marar sha duka. Barin giya ba ya hana ciyawa fitowa. Yaro zai yi ciwo, aiki zai tsaya, wani zai ɓata maka rai. Mutumin nan ba ƙishin giya ne ya kai shi ƙarƙashin ɗorawa ba. Damuwa ce ta same shi, girman kai ya hana shi faɗa wa 'yan'uwansa. Ya riga ya faɗi tun ranar da ya hau rumbu, kwana huɗu kafin ƙwarya ta taɓa leɓensa. Saboda haka, kai da ka bari, ranar da ka ga kana shirya wani abin da ba ka so masu ƙaunarka su ji, ka tsaya a nan.

Ƙwaryar mai gona tana nan har yau, sunanta kawai take sakewa. A wurin biki sunanta "don amarya". A wurin makoki sunanta "don marigayi". A wurin aiki sunanta "kada ka raina mu". Masu miƙa ta sau da yawa ba mugaye ba ne, abin da suka tarar suke yi. Amma su za su tashi su tafi gida lafiya, kai ne za ka kwana takwas a bukka. Akwai taron da ba naka ba ne yanzu, wataƙila har abada. In ka tashi ka koma bakin rafi kamar Tanko, ba ragonci ka yi ba.

Abin da ya fi damuna a misalin nan shi ne kwana bakwai ɗin. Wannan ƙaryar Shaiɗan ce, kuma ta fi giyar kanta kashe mutane. Takan zo da kamannin tuba, ta ce maka ka gyara kanka tukuna sa'an nan ka zo. In da mutum yana iya wanke kansa shi kaɗai, da Almasihu bai zo duniya ba. Ya zo ne tun muna cikin ƙazantarmu, ya kamo layinmu daga can ƙarshe inda ƙarfinmu ba zai kai ba. Bai kuwa karɓe mana fartanya ba, namu aikin yana nan. In jikinka ya saba har yana rawa in ba ka sha ba, kada ka yi ta fama a ɗaki, a raka ka asibiti. Wannan ma Allah ne ya ba da shi, ba abin kunya ba ne.

Yanzu kuma gare mu, mu da muke zama a bencin gaba. Ina jin haushinmu, ban kuwa cire kaina ba. Mutum ya yi shekara uku yana kokawa, ba mu taɓa ce masa sannu ba. Ya faɗi rana ɗaya, kafin a tashi sujada labari ya kai kasuwa. Muna da bakin cewa "ai dama na faɗa", ba mu da ƙafar zuwa gidansa. Nomau ya yi faɗa, faɗa mai zafi ma, amma sai da ya nome rabin layin mutumin kafin ya buɗe baki. Wanda bai taɓa fartanya ba, ba shi da izinin faɗa. Ku kuma mata da 'yan'uwan masu sha, na san kun gaji, Allah ma ya sani. Ba a ce ku kai musu ƙarya ba, ba a kuma ce ku yarda da su a yini ɗaya ba.

Na san a cikin masu jin wannan akwai wanda ya sha jiya. Wataƙila akwai wanda ya sha yau da safe, ya tauna goro ya zauna a bencin baya kusa da taga. Ɗan'uwana, kada ka jira warin ya fita. In an tashi, kada ka zame ta ƙofar gefe. Ka kama hannun mutum ɗaya da ka amince da shi, ka ce masa, "Na sha." Kai kuma da za a kama hannunka, Allah ya riƙe harshenka daga wa'azi. Abu ɗaya za ka tambaye shi: "Gobe da safe ƙarfe nawa zan biyo maka?"